Tagogin Gwaggo Léonie

A ƙauyenmu da ke tsaunukan Cantal, ba a tambayar ko tsoho ya kwana lafiya. Tagarsa ake dubawa. In ƙyauren katako ya buɗe kafin takwas, to yana nan da ransa.

Gwaggona Léonie Chabrier ta haura tamanin, ba ta taɓa wuce ƙarfe bakwai ba ta buɗe tagarta ba. Shanu ta tatsa tun tana yarinya, har yatsunta suka lanƙwashe. Gidaje goma sha huɗu ne a ƙauyen, amma masu su sun bi 'ya'ya birni ko sun koma maƙabarta, sai ita kaɗai ke zama har hunturu. Duk wanda zai tafi ita yake bar wa makulli. Ni ma haka na yi, kuma har yau abin yana ci na.

Da na zo hutu a watan Agusta, sai na gan ta da sassafe da tarin makullai a ɗamara, tana bin gidajen da ba kowa tana buɗe tagogi.

"Gwaggo, wa kike buɗe wa? Ɓeraye?"

"Rufe min baki, 'yar birni. Firmin nake buɗe wa."

Firmin shi ne mai motar burodi, yana hawowa Talata da Juma'a. Ta ji ana cewa uban gidansa zai daina aiko mota ƙauyukan da suka mutu. Ba burodin ya dame ta ba, haƙoran ma saura huɗu. Tsoronta kada ta faɗi a rasa mai ganewa, don in motar ta daina zuwa, babu sauran idon da zai kalli tagarta.

"Iya Léonie, garin naku ya cika yau!" in ji Firmin, yana ƙunshe dariya. "Amma ba mai hura wuta sai ke?"

"Barci suke yi. Ba ni burodina, sarkin surutu."

Ya sani sarai ba kowa a gidajen. Bai taɓa gaya wa uban gidansa ba.

Wata Talata a watan Nuwamba dusar ƙanƙara ta fara sauka, ga shi ya makara. Ya danna hon, ba ta fito ba. Ya ɗaga kai, ya ga tagarta a buɗe, hayaƙi na ɗan fita ta rufin. Ya ce a ransa tana wajen kaji. Ya ajiye burodin a bakin tagar, ya juya.

Ashe ta buɗe tata kamar kullum, ta zaga sauran gidajen. A na ƙarshe, gidan iyalan Vidal, matakala ta kuɓuce mata tana hawa sama. Ranar Juma'a Firmin ya tarar da burodin Talata yana nan, ya daskare. Gida-gida ya bi yana kiran sunanta, har ya isa wanda tagarsa ta sama ke rufe. Can ya same ta, ta riga ta cika.

Bayan jana'iza aka miƙa min makullan. Na bi gidajen ina rufe tagogi ina kuka, har na zo tata na tsaya. Firmin na bayana, hularsa a hannu.

"Na duba fa," ya ce. "Na rantse miki na duba. A buɗe take."