Ƙullin da Idi Ya Bari a Motata

Watan nan aka cika shekara bakwai da rasuwar aminina Idi mai wayarin mota, kuma a watan ne tsohuwar akori-kurata ta ƙi tashi. Na murɗa makulli, ta yi ƙas, ta yi shiru.

Da yana raye, wannan ƙas ɗin ta ishe shi. Sai ya karkata kai ya ce, "Alhaji, batirinka lafiya lau, kik mai tada injin ne ba ya samun wuta. Sake murɗawa in ji." Shekara ashirin ina zaman bencin rumfarsa a Daura, ko da motata ba ta ciwon komai.

Idi ba ya bambance ja da kore, alhali mai wayarin da launi yake cin abinci. Sai ya ƙago dabararsa: ƙulli ɗaya a wayar da ke ɗauko wuta, biyu a wadda ke komawa jikin mota, uku a ta fitilu. Da yatsa yake karanta mota. Ni kaɗai ya gaya wa, bayan na yi alkawarin ba zan yi masa tsiya ba. Na kuwa yi masa har ya koma ga Allah.

Makon jiya aka ja motar zuwa wurin Sanusi, mai gyara da na'urar gwaji. Ya leƙa ya ce, "Baba, wa ya yi wannan kitso? Wayoyin sun soma narkewa. In ba a fidda su duka ba, wata rana wuta za ta kama ku a hanyar Mashi."

Gaskiya ya faɗa. Da Idi ne, zai yi wa na'urar dariya, ya lallaɓa a koya masa ita, sannan ya yi mini faɗa don ina ɗaukar mutane a kan ruɓaɓɓiyar waya. To amma rumfarsa ta zama shagon caji, iyalinsa sun koma garin Babban Mutum, abokan benci duk sun riga mu gidan gaskiya. A motar nan kaɗai aikin hannunsa ya rage, kuma ba na son a taɓa shi.

Kwana uku ina jan ƙafa. Jiya na ce a cire. Sanusi na zaro su ɗaya-ɗaya, ni ina shafa ƙullin ina gaya masa inda kowace ta nufa, ban kuskure ko sau ɗaya ba. Ashe abin ya daɗe da shiga yatsuna ban sani ba.

Da ya sa sababbin wayoyi, motar ta tashi bugu ɗaya. Na daɗe zaune a ciki, injin na aiki, na rasa wanda zan kai wa labari. Allah ya jiƙan Idi.