Rubutun Gefen Shafi

Har gobe ba zan manta da ranar da Alhaji Habu ya shigo ofishinmu rungume da gafaka ba. Lokacin ina mai ɗaukar hoto a sashen adana tsofaffin littattafai, ni kaɗai a ɗakin ƙarshe. Da mu huɗu ne. Biyu suka yi ritaya, ɗaya ya koma ɗaukar hoton biki, ba a kuma kawo kowa ba. Wani lokaci sai in wuni ban furta kalma ba, in ban da a sallah.

Aikina shi ne ɗaukar hoton littattafan malamai kafin gara ta riga mu. Shafi sukutum ba ya ba ni wahala. Amma ƙananan rubutun da ake yi a gefe sai da gilashin kyamara na musamman, mai kusanto da abu har ka ga zaren takarda. Sau uku ina rubuta takardar neman a saya mana. A ta ukun Darakta ya kira ni ya ce, "Malam Sabo, gilashin nan ya fi babur tsada. Ka yi maneji da abin da ke hannunka."

Alhaji Habu dattijo ne daga Madabo, yanar ido ta fara rufe masa gani. Littafin da ke cikin gafakar na mahaifinsa ne, malamin zaure. Ya buɗe shafukan ƙarshe, ya nuna mini wasu layuka a gefe, ƙanana kamar sawun tururuwa, tawadar ta koɗe.

"Malam ya so in gaje shi a karatu," in ji shi. "Ni kuwa na tashi daga gabansa na bi kasuwa har Ikko. Ya rasu ban dawo ba. Ina jin wasiyya ce ya bar mini a nan. So nake in san ko ya yafe mini."

Na ce me ya hana ya kai wa malaman unguwa.

"Su da suka san abin da na yi? A'a, Malam, gara bare."

Da babu gara ba daɗi. Akwai wata dabara da na taɓa ji: in ka cire gilashin kyamara ka juya shi gaba ya koma baya, yakan kusanto da ƙaramin abu ƙwarai. Na je wajen wani mai gyaran ƙarfe a Ƙofar Mazugal, ya yi mini zoben da zai riƙe gilashin a juye. Ya dube ni ya ce, "Malam, ko dai kyamarar ce ta yi maka laifi?"

Aikin akwai cin rai. Sai ka matso har gilashin ya kusa taɓa takarda, kuma wurin da ke fitowa tas bai fi faɗin gashi ba. Numfashinka ma yana girgiza hoton. Na ɗaure kyamarar a kan ƙafarta, na bar hasken taga ya shigo ta gefe, na kafa farin kwali a ɗaya ɓangaren, ina tura littafin kaɗan-kaɗan a kan katako. Kwana uku na yi a haka.

Ran na ukun haruffan suka fito a kwamfuta, da ajami. Layin farko ya ce: "Yau Habu bai zo karatu ba." Na gaba: "Yau ma bai zo ba." Haka shafi bayan shafi, hannun yana ƙara rawa. Na ƙarshe ya ce: "Na hana a naɗe buzunsa."

Na daɗe a zaune. Ba abokin aikin da zan juya in ce, ya kake gani? Zuciyata ta ce in ƙara masa kalma biyu, "na yafe", tunda ba gani zai yi ba. Ban taɓa jin kaɗaici a ɗakin nan kamar na ranar ba.

Da ya dawo, na karanta masa yadda yake, ban ƙara ko wasali ba.

"Babu maganar yafiya?"

"Babu, Alhaji."

Ya shafa gafakar. Can ya ce, "Da na dawo bayan rasuwarsa, na tarar da wani tsohon buzu a shimfiɗe a zaure, daidai gaban wurin zamansa. Na ce wa mutanen gida su ɗauke wannan tsumman su yar."

Ku da kuka zo aiki bayanmu kuna yawan tambayata wane gilashi za ku saya in aljihu bai kai ba. Zobe da hasken taga sun isa, in akwai haƙuri. Abin da na koya a ranar ba na kaya ba ne. Wanda ya ƙanƙanta rubutunsa yana da dalili, wanda kuma ya kawo muku shi sau da yawa ba shi da kowa da zai ji tare da shi. Kada ku ƙara, kada ku rage, kuma kada ku miƙa hoto ku ce sai an jima. Ni rufe kwamfutar na yi, na jawo kujerata kusa da tasa, muka zauna har aka kira la'asar.