Aapa Nasuk da Rumbun da Ya Fara Ɗiga

Kullum da hantsi Aapa Nasuk, wato Kaka Nasuk a yarenmu, zai ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗaga murfin katako, ya sauka rumbun garinmu, ramin nan mai zurfin gaba huɗu a cikin daskararriyar ƙasar da ba mu taɓa ganin ta narke ba. Ya shinshina, ya shafa bango, ya juya naman agvik, ƙaton kifin tekun da ke ciyar da mu, ya fito. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ba albashi, ko sannu ma ba kullum ba.

Ni a kanti nake aiki. Ni ke manna farashi a jikin kazar da jirgin sama ya kawo, ina kunyar haɗa ido da mai saye. Baƙi kan tambaye ni da me muke rayuwa a nan, in ce musu oho. Amsar tana cikin ramin nan, kuma har yau ban gane kanta ba.

Bara, a watan Agusta, ya fito da hannu a jiƙe. Bango na ɗiga, ga abincin hunturu na gida arba'in a ciki. Sai muka ji muryarsa a rediyon gari: "Kowa ya zo da kwano. Yau za a kwashe rumbu."

Tabɗi! Mu da ba ma share rumbu sai dab da fita farauta, don agvik ba ya ba da kansa ga masu tsohon nama a ajiye.

Matarsa, Aaka Ruth, ta tare shi a bakin ramin. "Tsoho, ka zare ne? In sanyi ya shigo me za mu ci, igiyarka?"

"In ta dahu ai kya ci," in ji shi.

Ya raba tas, bai rage wa gidansa ko tsoka ba. Wasu suka shanya, wasu suka cusa a firij, wasu suka yi ta zaginsa a hanya. Ni ma na zage ka a zuci, Aapa, ka yafe min.

Da sanyi ya kankama, ya bar murfin a buɗe sati uku don ramin ya sake daskarewa, yana sauka da sabuwar ƙanƙara a buhu yana yaɓe bango. Bai roƙi kowa komai ba. Sai ga mutane da kwanukansu: mai dawo da nasa, mai ƙarawa da kifi, mai cinyar barewa, har da masu zagin. Rumbu ya cika fiye da da. Ta yaya abin da aka raba, aka yi wata huɗu ana ci, zai dawo da ƙari? Na tambaye shi, ya ce, "Ke dai riƙe min fitila."

Kai ne rufin asirin garin nan, Aapa, mai hannun sanyi da bai san rowa ba.

Makon jiya gwiwoyinsa suka ƙi tsani. A taron sallamarsa na miƙe na zuba jawabi, na ce lallai wani ya yi koyi da shi ya karɓi aikin. Kowa ya koma kallon takalminsa. Tsohon ya tako, ya kwance igiyar, ya ɗaura min.

"Aapa, ni fa ko warin nama ban iya ganewa ba!"

"Ni ma haka na fara. Ke ce mai baki, sauka."

Mun gode, Aapa, godiyar da ta makara da shekara talatin da ɗaya. Ku kuma jama'a, don Allah ku biyo sawunsa, kada ku bar ni ni kaɗai a ramin nan. Yau da hantsi na sauka na shafa bango. Hannuna ya fito da danshi, kuma ban sani ba, gumina ne ko rumbun ne.