Hannun Kawu Sha'aibu

Shekara goma sha tara Kawu Sha'aibu, ƙanin mahaifiyata, yana jigilar fasinja tsakanin Ƙaura da Shinkafi. Direbobin hanyar suna da al'ada: idan motoci biyu suka haɗu, kowa zai fito da hannu ta taga. In ka kaɗa shi gaba, hanyar da ka baro lafiya take. In ka juya yatsa, mai zuwa ya koma.

Shekara uku da suka wuce Kawu ya kaɗa wa abokinsa Usmanu hannu gaba. Bai yi ƙarya ba, hanya lafiya ya baro ta. Minti goma bayan nan 'yan bindiga suka fito a wata kwana, suka buɗe wa motar Usmanu wuta. Da la'asar aka yi jana'izarsa. Tun ranar Kawu bai sake fitar da hannu ta taga ba.

Direbobi sun yi haƙuri har suka gaji. Wakili, shugaban tasha, ya ce daga Litinin duk wanda ba ya ba da alama ba zai yi lodi ba. Kawu kuwa ba shi da gona, motar ce abincin gidansa.

Ranar Asabar na shiga motarsa zan je Shinkafi. Muna jiran ta cika, ina kallon wani fim a waya, na wani direba marar magana da ke tsere da 'yan fashi bayan sun gama aiki. Kawu ya leƙo.

"Mi kike kallo, Muhsina?"

Na miƙa masa. Ya daɗe yana kallon mutumin yana ratsa lunguna, jini a rigarsa.

"Wanga ai hutawa yake," ya ce. "Ya san inda za a yi harbin, ya san lokaci."

Ya mayar mini da wayar, ya tada mota.

Ba mu yi nisa ba wata mota ta taho, direbanta ya fito da hannu yana kaɗawa gaba. Na ga yatsun Kawu sun saki sitiyari, sun sake kamawa. Sai ya taka birki, ya yi ta danna hon har ɗayan ya tsaya.

"Nuhu! Minti bakwai da sunka wuce na baro gada, ban ga kowa ba. Yanzu kam ban sani ba."

"Haba Sha'aibu, hannu kawai za ka ɗaga, ba huɗuba ba!"

"Abin da na gani na faɗa maka."

Haka ya yi wa mota shida. Kowace sai ya duba agogo, ya faɗi wuri da minti. Wani ɗan kasuwa a baya ya ce, "Malam direba, ka tsaya ka shimfiɗa musu tabarma mana, su same mu a zaune." Ba wanda ya yi dariya sosai, kowa daji yake kallo. Ni ma na ji tsoron tsayuwar.

Ranar Litinin Wakili ya saurari ƙorafin direbobi, ya shafa fuska, ya ce tunda Kawu yana faɗi da baki, a bar shi ya yi lodi.

An bar shi, sai dai fasinja sun ji labari. Ba mai son motar da ke tsayawa a daji. Yanzu tasa ce ƙarshen cika, yawanci tsofaffin mata ne da buhunansu, sawu ɗaya a rana maimakon uku.

Makon jiya na same shi zaune a bakin but ɗin motarsa, rana ta take, saura mutum biyu ta cika. Na tambaye shi ko ba zai gwada ɗaga hannun ba, ko sau ɗaya.

Ya buɗe tafin hannunsa, ya dube shi.

"Shi bai iya faɗin minti nawa ba, ɗiyata."

Ya tashi a hankali yana dafa gwiwa, ya ci gaba da kiran Shinkafi.