Wayar Kawu a Buhun Tattasai

Mun tashi da asuba daga Geskeru, ni da kawuna da direba, cikin kamiyo, wato babbar mota, maƙare da buhunan busasshen tattasai, za mu kasuwar Diffa. An ce mini in je in buɗe ido. Gaskiyar magana, an ɗauko ni ne don ni na iya latsa waya a gidanmu.

Yanzu babbar mota ba ta shiga gari sai da izini, izinin kuma a waya yake: wani hoto mai ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda, da lokacin da aka yanka maka. In ka wuce lokacin, ka kwana a bakin gari, masu saye su cika motocinsu da tattasan wani. Tun da na cike masa izinin nan kawu ya daina yarda da wayarsa. Wai abin da ya san lambar mota da nauyin kaya, ai yana jin abin da ake faɗa a gabansa.

Kogin Komadugu na hagunmu, shanyar tattasai ta yi ja a bakin gonaki. Ramukan hanya kuwa, akwai wanda in ka faɗa sai an zura maka guga. Mun tsaya sayen ƙosai, mai suyar ta faɗi kuɗi, na zaci har da kuɗin kaskon. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bakin kawu: ya caccaki masu izini, ya caccaki dillalai, har surukinsa bai tsira ba. Ina mai tsoron waya ya samo wannan jarunta?

A shingen shiga gari na gane. Ma'aikaci ya miƙo hannu. "Alhaji, izini."

Kawu ya waiga yana kallon kaya. Ashe tun a gida ya ɗinke wayar cikin buhu, don kada ta ji hirarmu.

"Wane buhu, Kawu?"

"Na tattasai."

Ma'aikacin ya ƙanƙance ido. Mai ɓoye waya a buhu, me kuma ya ɓoye? Ya karɓi lambar wayar ya kira, muka hau kaya muna kasa kunne kamar masu neman gyare. Muka farke wannan buhu, muka farke wancan, lokacinmu na ƙurewa. Atishawa ta kama ni, ta kama direba, ta bi layin motoci har na tabbata an ji ta can garin Gagamari. Da wayar ta fito jajawur, ma'aikacin ya duba hoton yana hawaye, ya kore mu da hannu. Mun tarar da masu saye suna shirin ɗaure kayansu da igiya su tafi, da ƙyar kawu ya sayar.

A hanyar komawa wayar na aljihunsa, bakinsa gum. Can sai ga saƙo: an rubuta fitar motarmu daga gari, a sauka lafiya. Kawu ya matso kunnena. "Wa ya gaya mata?"

Ban ce masa ma'aikacin shinge ne ya latsa ba. Tafiyar nan ta koya mini cewa izini a aljihu ake ajiye shi. Ta kuma koya mini maganin faɗan kawu: tun da muka dawo gida, da ya fara, sai in ɗora wayar kusa da tabarmarsa.