Motar Baba da Zanen Goyona

Ni ce 'yar fari a gidanmu, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Idan zai aike ni, bango yake duba ya ce a gaya wa ta wajen Inna ta kawo buta, ko da kuwa ni kaɗai ce a tsakar gidan. Inna mahaifiyarsa ce, a ɗakinta na tashi tun da aka yaye ni. Kakanninmu sun bar kiwo sun zauna cikin Haɗejiya tun da daɗewa, shanun sun ƙare, amma kunyar ɗan fari tana nan yadda suka zo da ita. Ba ya kallona ido da ido, ba ya dafa kaina, ba ya dariya in ina kusa. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, don haka na tashi na gani. Sai da mota ta zo.

Baba fata da ƙirgi yake saye yana kai wa kamfani. Ina ajin ƙarshe a makarantar En'e wani Baturen kamfanin ya tashi komawa ƙasarsu, ya sayar masa da motarsa. Baƙa ce wuluk, mai zagayayyen baya kamar ƙwaryar da aka kife, ga ƙarfe fari a goshinta da gindinta. A lokacin motocin garin ana iya lissafa masu su: ta Sarki, ta Di'o, sai na 'yan kasuwa ƙalilan. Ranar da ta iso unguwa ta cika ƙofar gidanmu. Na leƙa ta zaure na ga Baba ya ɗora tafinsa a kan murfin injin, yana shafawa a hankali daga sama zuwa ƙasa, yana murmushi. Ban san yana da irin wannan murmushin ba.

Tare da motar Baturen ya bar masa wani gwangwani mai faɗi, cike da man goge fenti, rawaya kamar kakin zuma. Ya kuma bar masa dokoki, Baba ya ƙara nasa a kai. Safiyar Juma'a, da yake ba makaranta, nakan zauna a kan dakalin zaure da littafin karatuna a cinya, ina kallon aikin tun daga farko.

Ruwan ma nasa daban ne. Ruwan kogi yana da yashi mai laushi wanda ido ba ya gani, Baba ya ce shi ke cin fenti. Saboda haka tun ranar Alhamis mai garuwa yake cika wata randa da aka ware, a bar ruwan ya kwanta, da safe a tace da ƙyalle. Mu da muke shan ruwan ba a taɓa tace mana shi sau biyu ba. Ba ya sa sabulun salo, wai yana dusar da baƙi. Sai ya kwarara ruwa tun daga rufi, ya bari ƙurar ta sauka da kanta, hannunsa bai taɓa ba tukuna. Bayan nan ya tsane ta da wata fatar akuya da ya sa majema suka jeme masa har ta koma kamar auduga. Duk wannan kafin rana ta yi zafi, don in ƙarfen ya ɗumama man yakan daskare da wuri ya bar zane.

Daga nan sai gwangwanin. Yakan buɗe shi da bakin sisi, warin ya taso, rabi zuma rabi kananzir. Ya lakato kaɗan da tsumma, ya bi jikin motar da 'yan ƙananan da'ira, tafi ɗaya bayan tafi ɗaya, har ta yi fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Sai ya tsaya ya jira. Yakan ja yatsa ɗaya a kai, in wurin ya fito fes, to lokacin gogewa ya yi.

A nan ne aka rasa ƙyallen da ya dace. Akoko ya yi kaushi, tsohuwar rigarsa tana da zaren aiki a wuya. Ya shiga gida ya tambaya ko akwai wani abu mai laushi sosai. Inna ta buɗe adudunta ta fito da wani zane shuɗi wanda wanki ya koɗar da shi, ta ce wannan ne ya fi komai laushi a gidan, da shi aka goya ta wajenta, wato ni. Na san zanen. Idan zazzaɓi ya kama ni da shi take lulluɓe ni. Baba ya karɓa, ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya fita da shi. Ban san dalilin da ya sa abin ya yi min zafi ba, ni da na girmi goyo da shekaru. Na ce wa Inna ai da ta ba shi wani. Ta yi dariya har tana riƙe ciki.

“Ke, ƙanwarki kike wa rowa? An yi miki ƙanwa mai ƙafa huɗu, ki yi haƙuri. Haka ubanki yake tun muna ruga wajen garin Baturiya, yana da wata karsana, kwana yake yana cire mata kaska.”

Tun daga ranar ba ta kiran motar da komai sai ƙanwarki. In na dawo daga makaranta ta ce ƙanwarki ta tafi Kirikasamma, ko ƙanwarki ta dawo da tari. Ta taɓa ba Baba shawara ya shafa mata man shanu ya huta da sayen na Turawa, ya ce yana so tururuwa su cinye masa mota ke nan.

Ina da ƙanwa ta gaske kuma, autarmu, wadda ba ta shiga makaranta ba tukuna. Ita ba kunya tsakaninsu. Yakan kira sunanta har da ƙari, ya ɗora ta a wuya. Da aikin Juma'a ya kankama sai ya ba ta riƙon gwangwani, daga baya ya bar ta tana goge fararen ƙarafan ƙafafun. Doka ɗaya ya kafa mata: ta cire awarwaronta kafin ta matso, kada su karce fenti. Na ji wannan dokar daga kan dakali. Juma'ar da ta biyo baya na cire nawa tun a ɗaki, na tura su ƙarƙashin matashi, na fito na zauna da hannuwana a kan littafi yadda za a gan su. Haka na riƙa yi duk mako. Auta tana ɓata mai, tana barin sawun yatsu, tana goge wuri ɗaya ta manta da sauran, ni kuwa na haddace aikin duka. Na san inda man ke maƙalewa a gefen marfin mai, na san yakan manta da ƙasan madubi. Da za a ce min zo, da ba a sake cewa komai ba. Ba a ce ba.

Motar ta samu rumfar zana tata, saboda belbelu da ke kwana a kan tsamiyar ƙofar gida, kashinsu kuwa in ya bushe a fenti sai ya bar tabo. Ta samu riga ta akoko, tela ya zo har gida ya auna ta da igiya. Ni rigar makarantata a kan ta wata 'yar maƙwabta aka yanka. Baba har magana yake mata yana gogewa, ƙasa-ƙasa, irin wadda ake wa dabba: yi haƙuri, jiya na wahalar da ke a yashi.

Idan ya gama, ƙofar da ke fuskantar zaure takan zama madubi. Ina ganin tsamiya a ciki, da sararin sama, da ni kaina, 'yar ƙarama a lanƙwashe a kan dakali. Wata Juma'a na ɗaga kai na ga fuskar Baba a cikin ƙofar, yana tsugune, hannunsa ya tsaya da zanena a ciki, idonsa daidai inda nake. Na sunkuyar da kai da sauri. Na kwana biyu ina juya abin. Ƙila ni yake kallo, ƙila kuma wani tabo ya gani a wurin. Na fi ba da ƙarfi ga tabon.

Da sakamakon jarrabawa ya fito aka ce na samu makarantar kwana ta 'yan mata a Kano. Za a kai ni tashar jirgi ta Malam Madori, a can wata malama za ta karɓe mu. Damina ce ta yi nisa, fadamu sun cika, hanya ta lalace. Motar kuwa tun saukar ruwa ba ta fita bayan gari, tana cikin rigarta, Baba a babbar motar kamfani yake tafiye-tafiyensa. Kowa ya san a bayan wannan babbar motar zan tafi, tsakanin ɗaurin fata, tare da wani ƙanen Baba. Uba ba ya raka 'yar fari. Ban tambaya ba, ba kuma wanda zan tambaya. Amma da nake shirya akwatina abin da nake tunani ke nan: shekara guda ina kallon motar nan, ban taɓa zama a cikinta ba. Auta kuwa har barci ta yi a kujerar baya.

Da safiyar tafiyar na ji ana ja wa motar riga. Baba ya tsaya a bakin zaure, ya ɗaga murya yadda za a ji a ciki, ya ce wa Inna motar ta daɗe a tsaye, in ba a motsa ta ba batirinta zai mutu, zai ɗan taka da ita wajen tasha. In akwai mai kayan da za a kai can, a fito da su.

Inna ta ce, “Akwai akwati ɗaya. Mai akwatin fa, a ɗaura ta a rufi?”

Ya juya ya nufi motar. Na shiga baya na zauna a gefen kujera, ina tsoron in jingina. Auta ta yi kuka sai an tafi da ita, ya ce mata yau ba wuri. Wurin kuwa har mutum uku zai ɗauka.

Muka kama hanya. Ina kallon ƙeyarsa da gefen hularsa, ina jin warin man nan a ko'ina. Mun yi nisa sai muka tarar ruwa ya cinye hanya a wani kwalbati, wata babbar mota ta kafe a tsakiya, mutane sun tuɓe riguna suna turawa. Wani ya leƙo ya ce sai dai a jira, ko a bi ta sawun shanu a zagaye, amma akwai ƙaya. Baba ya dubi rana, ya dubi sawun. Bagaruwa ce da farar ƙaya hagu da dama, sun kusa haɗe kai. Na ce a raina yanzu zai juya, ko ya ce in sauka in jira babbar motar kamfani. Na riga na kama hannun akwatina.

Ya karya kan motar ya shiga.

Reshen farko ya goga a rufi. Na biyu ya kama ƙofar da nake zaune, na ji ƙarar tun daga gaba har baya, doguwa, siririya, kamar ana jan allura a kan tasa. Na ga kafaɗun Baba sun ɗaga har kusa da kunnuwansa. Bai tsaya ba. Taɓo ya fantsamo har gilashi. Wani reshen ya sake ja a wuri ɗaya. Ni kuwa na jingina da kujerar sosai, na miƙe ƙafafuna.

Mun isa jirgi bai zo ba. Da na fito na saci kallon ƙofar: layi biyu farare, ɗaya a kan ɗaya, sun ratsa baƙin tun daga hannun ƙofa har bayan ƙafa. Baba ya zagayo ya sauke akwatin da kansa. Dole ta gefen nan zai wuce. Na zuba ido in ga ko zai duba. Ya wuce yana kallon gaba, kamar yadda yake wuce ni a tsakar gida.

Ya miƙa ni hannun malamar, ya ce mata ga ta wajen Inna nan, ba ta da surutu, a riƙa tambayarta ko ta ci abinci don ba za ta faɗa ba. Ban san ya san wannan ba. Sai ya koma gefe ya tsaya cikin masu rakiya, bayansa ga motar, duk tsawon jiran nan. Yaran tasha sun kewaye ta, har wani yana zana abu da yatsa a cikin taɓon, bai waiwaya ba.

Jirgi ya zo, na samu taga. Da ya yi kuka ya fara ja, Baba ya ɗaga hannu sama-sama, kamar mai korar ƙuda. Na leƙa ina kallonsa yana ƙanƙancewa. Sai da taragonmu ya wuce tankin ruwa sannan Baba ya juya wajen motar. Har da ɗan gudu. Ya tsuguna a gaban ƙofar, ya bi layin da babban yatsansa, ya zaro wani abu shuɗi daga aljihun rigarsa ya fara shafawa.

Na zauna. Wata yarinya daga Guri da ke kusa da ni ta tambaya ko motar gidanmu ce. Na ce ta Baba ce. Ta ce kash, an karce ta. Na ce e, a gefena ne. Na buɗe ƙullin da Inna ta ba ni don in ɗauko ƙuli-ƙuli, sai na tarar ta sa min awarwarona a ciki, na mayar da su hannu.