Alhaji Bukar Gaba-Nawa da Duwatsun Ƙarƙashin Teku

Duk wanda ya zauna a unguwar Yelwa ta Mubi a wancan zamanin ya san ba a miƙa wa Alhaji Bukar ruwa ya sha kai tsaye. Ko a kwanon sha ne, sai ya ƙwanƙwasa gefen kwanon da zobensa, ya kara kunne, sannan ya yi bisimilla. Randa, tulu, garwar kananzir, kankana a kasuwa, har cikin jikokinsa bayan sun ƙoshi da tuwo, babu abin da ya tsira daga zoben nan. In kuwa ruwan ya fi ƙarfin kwano, rijiya ce ko kududdufi, tambayarsa ɗaya ce: gaba nawa? Daga nan sunan ya bi shi, har yaran unguwa suka ɗauka Gaba-Nawa sunan mahaifinsa ne.

Ni Modu direba taubashinsa ne, mahaifiyarsa yayar babana ce, don haka na sami lasisin tsokanarsa tun kafin in sami na tuƙi. Kuma Allah ya sani na yi aiki da lasisin nan fiye da kima.

Ga waɗanda ba su riski farkon labarin ba, Alhaji ya bar Mubi yana saurayi, ya tafi aikin hajji a ƙasa ta hanyar Chadi. Guzuri ya ƙare masa a bakin Bahar Maliya, can Sudan, sai ya shiga aiki a wani jirgin ruwa na Turawa. Jirgin ba ya ɗaukar kaya, ba ya ɗaukar fasinja. Aikinsa kawai ya auna zurfin teku, ya zana taswirar abin da ke ƙasa, don kada manyan jirage su yi karo da duwatsun murjani. Hajjin shekara ɗaya sai da ya ci sha biyu. Da ya dawo, ana jiran tsarabar turare da dabino, sai ya buɗe jaka ya fito da abu uku: dalma ɗaure da doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle, wani farin dutse mai rassa, da naɗaɗɗiyar takarda a cikin gwangwani.

Yadda yake bayani, akwai wani inji a cikin jirgin da ke jefa ƙara zuwa ƙasa. Ƙarar ta bugi ƙasa ta dawo, injin ya saurara, allura ta zana a takarda. In ta dawo da wuri, ruwa ba zurfi. In ta daɗe, akwai zurfi. Shi kuma aikinsa ya tsaya a goshin jirgi ya jefa dalma, don a tabbata injin ba ƙarya yake ba. Ana liƙa kitse a gindin dalmar, in ta taɓa ƙasa sai ta ɗauko shaida: yashi, laka, ko ɓarɓashin murjani. Ya ce ƙasa ba a bakin teku take ƙarewa ba. Tana ci gaba a cikin ruwa sannu a hankali kamar gona, sai can ta yanke lokaci ɗaya kamar bakin soro, daga nan igiya ba ta ƙara samun komai. Ya ce akwai duwatsu a can ƙasa da suka fi na Michika tsawo, akwai kuma kurmin dutse mai girma da kansa, kifaye na kiwo a ciki kamar awaki.

To, ka faɗi wannan a Mubi, garin da babban ruwanmu shi ne mayo, wato rafi, wanda da rani sai mun tona yashi kafin mu cika tulu. Dariya kawai aka yi masa. Alhaji mutum ne mai ɗaukar wasa, ka zagi hularsa ya taya ka, ka ce rowa gare shi ya ce ka yi gaskiya. Amma maganar duwatsun nan in aka ƙaryata, sai ka ga ya naɗe takardarsa. Bai nemi dukiya ba, bai nemi sarauta ba. Abin da ya nema a garin nan shi ne mutum ɗaya ya ce masa, na yarda ka gani. Ni kuwa ni ne shugaban masu cewa rana ce ta dafa masa kai a jirgi.

Rowar tasa ma a kan kitse ta fi fitowa. Bai taɓa sayen nama bai nemi gyaran kitse ba, kuma kitsen ba na miya ba ne, na dalma ne. In ya auna rijiya ya duba abin da ya manne, sai ya kankare kitsen da wuƙa ya mayar cikin wani ɗan kwano, wai bai lalace ba. Wata rana mai ya yanke wa matarsa Ya Falmata, ta ga kwano cike da kitse a kan katanga, ta juye a miyar kuka. Ranar a gidan na ci abinci, har na yi ƙari sau biyu ina yaba hannunta. Da la'asar Alhaji ya ɗauko dalma zai fita, ya tarar da kwano a wanke. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya dube ni ya ce, "Modu, yau ka ci gindin rijiyoyin Yelwa da na Lamorde gaba ɗaya. Yanzu ka fi kowa sanin garin nan." Ya Falmata ta ce daga cikin ɗaki ai shi ma ya ci, kuma bai ƙwanƙwasa kwanon ba kafin ya zuba loma.

Sai lokacin ƙuri'ar raba gardama, ta biyun, da aka ce mu zaɓa ko Nijeriya ko Kamaru. Masu yawon neman ƙuri'a na kowane ɓangare sun zo zaurensa, shi kuma kowa ya zo tambaya ɗaya yake masa, wai ƙasar taku ta auna tekunta? Ran jefa ƙuri'a ana shiga wata 'yar rumfa ɗaya bayan ɗaya, akwatuna biyu a ciki, ka saka takardarka a wanda kake so. Alhaji ya shiga, shiru bai fito ba. Ina bayansa a layi, sai muka fara jin ƙwas, ƙwas. Ɗan doka ya leƙa, ya same shi a durƙushe, kunne a jikin akwati, yana buga zobe. Aka fito da shi riƙe da hannun riga. Mutane suka yanyame shi, kowa na so ya ji wanne ya fi cika. Ya gyara hula ya ce shi ma'aikacin awo ne, ba ya fitar da sakamako sai an kammala aiki. Da aka sanar da sakamako a rediyo kuwa, yana zaune a zaure ya kaɗa kai ya ce, "Haka na ji." Na ce da ɗayan ne ya ci fa? Ya ce da sai ya sake dubawa.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kusan faranta masa rai, maƙwabcinsa Malam Zira, malamin makaranta, Kirista daga tsaunukan Michika. Alhaji ya warware masa takardar nan a kan tabarma, doguwa ce, launinta ya koɗe, da wani baƙin zane mai hawa da sauka. Mu dai cewa muke gara ce ta yi tafiya a kai. Malam Zira ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, wannan zane, shi ya yi kama da dutsen garinmu in ka taho daga nesa." Shi ke nan. Daga ranar duk Sallar layya cinya guda ta Malam Zira ce, mu 'yan'uwa sai haƙarƙari. Daga baya Malam Zira ya ja ni gefe ya ce shi fa cewa ya yi ya yi kama, bai ce ya yarda ba, amma don Allah kada in gyara masa, cinyar tana da daɗi.

Da ya rasa teku, sai ya mayar da hankali kan wani mayo da ke hanyar Sorau, inda motoci ke ratsa ruwa don babu gada. Duk bayan babban ruwan sama sai ya hau kekensa ya je, ya ɗaura gora a ƙugu ya shiga, yana jefa dalma yana rubutawa a takardar buhun siminti. Ya zana wurin tsaf, ya kai wa direbobi a tasha. Muka karɓa da godiya, mai tsire ya naɗe mana nama a ciki.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, cikin damina, na taso daga kasuwar Sorau da babbar motata, buhunan gyaɗa a ƙasa, mutane cike a sama, mata da goyo. Da muka iso mayo da hantsi sai ga Alhaji a bakin ruwa, wando a naɗe, yana ɗaga mini hannu. Ya ce kada in bi tsohon sawu. Ruwan shekaranjiya ya cinye ƙasa a tsakiya, ya bar baki irin wanda yake ba mu labari, lafiya lafiya sai yankewa. Ya ce in gangara ƙasa kaɗan wajen wata bishiyar ɓaure, can dutse ne a shimfiɗe.

Na duba ruwa, shiru yake kwance, jajir, bai fi na kullum ba. Shekarata goma sha wani abu ina ratsa wurin. Na ce masa, Yaya, nan mayo ne ba Bahar Maliya ba, ka kauce in wuce. Ya je gaban mota ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar gaba, ya ɗora dalmarsa a cinya. Fasinjoji suka fara dariya, wasu na cewa a ɗauke tsohon, rana na yi. Raina ya ɓaci. Na tuɓe riga na ce bari in nuna masa da ƙafata.

Na shiga. Ruwa a idon sawu, ruwa a ƙwauri, ruwa a gwiwa. Na kai tsakiya, na juyo ina ɗaga masa hannu, na ce ina dutsen naka, ina bakin soron? Na ƙara taku ɗaya da baya.

Abin da na sani kawai duniya ta zama ja, ruwa ya rufe ni, ƙafata na neman ƙasa babu. Ni kuwa ban iya iyo ba. Da na taso sau ɗaya sai na ji wani abu mai nauyi ya faɗo a gabana, igiya ta gogi wuyana, na cafke. Mutum ne da ya shekara sha biyu yana jifa daga goshin jirgi, bai kuskure ba ko da taki. Maza suka taru suka jawo ni kamar buhu. Ina kwance a yashi ina aman ruwa, mata na salati, sai ga fuskar Alhaji a kaina. Na zaci sannu zai ce. Ya ce, "Ka taɓa ƙasa?" Na ɗaga kai. Ya kama ƙafata ya duba tsakanin yatsu, ya ce, "Laka." Ya zaro takardar siminti ya rubuta.

Ta wajen ɓauren muka ratsa, ruwa bai kai rabin taya ba. Ina tuƙi ina tunanin abin da zai faru da matan nan da goyonsu da na bi tsohon sawu. Tun daga ranar na daina shakkar ko kalma ɗaya daga bakinsa. Wanda ya ga ramin da ke cikin mayonmu ta cikin jan ruwa, me zai hana ya ga dutse a teku? Amma kun san halin taubashi. Na gode masa a kan igiya, na kai masa buhun gyaɗa, maganar duwatsu kuwa na ci gaba da tsokana yadda na saba. Na ga kamar in na daina, wani abu zai ragu a tsakaninmu.

Bayan shekara uku ciwo ya kwantar da shi. Na je duba shi wata safiya, ya sa Ya Falmata ta ɗauko gwangwani, ya warware takardar a kan ƙirjinsa. Ya bi zanen da yatsa har inda layin ya faɗa ƙasa, ya ce, "Modu, har yanzu gara ce?" Maganar tana bakina, wallahi tana bakina. Sai na ji kaina ina cewa, sai dai gara mai ilimi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ce a raina gobe in na dawo daga Sorau zan faɗa masa sosai. Na dawo na tarar da tabarmi a ƙofar gida.

A maƙabarta, da masu haƙa suka ɗago kai suna tambaya ko zurfin ya isa, wani daga baya ya ce a hankali, gaba nawa? Mutane suka yi dariya suna share ido. Ran sadakar bakwai Malam Zira, wanda lokacin ya yi furfura, ya zo da wani sabon littafi na makarantarsu. Ya ce akwai hoton teku a ciki kamar an kwashe ruwan, da bakin soron, da duwatsun, duk yadda Alhaji ya faɗa. Ya ce ya ci cinyar mutumin nan shekara da shekaru a kan rabin magana, yau ya zo ya cika. Aka yi ta miƙa littafin hannu zuwa hannu. Da ya iso kaina ban buɗe ba, na miƙa wa na kusa da ni. Ni an riga an nuna mini, da laka a ƙafata.

Dalmar tana wurina, da gwangwanin. Abin da ban faɗa masa ba ran nan, bari in faɗa a gabanku, ku zama shaida: Yaya Bukar, na yarda ka gani. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi. Yadda ka jefo mini igiya ban roƙa ba, Allah ya jefo maka rahamarsa. Amin.